Na'ura tana jin Hausa, amma tana jin zafi?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Tun da manhajojin nan masu hira suka shiga wayar kowa ake ta cakuɗa abu biyu, ina son mu raba su. Na farko basira: lissafi, fassara, gano ciwo a hoton ƙirji, cin wasa. A nan babu gardama, Deep Blue ta doke Garry Kasparov a wasan ces tun 1997, AlphaGo kuma ta ci Lee Sedol wasa 4 cikin 5 a wasan allo mai suna Go a 2016. Na biyu hayyaci, irin wanda muke nufi in mun ce wane ya fita hayyacinsa, ko ya dawo hayyacinsa. Harshenmu ma ya taimaka wajen rikicin, domin kalma ɗaya muke da ita: yana jin Hausa, yana jin ƙara, yana jin zafi. Na'ura yanzu tana jin Hausa daidai gwargwado. To in basirarta ta ci gaba da hauhawa, jin zafin zai biyo baya da kansa, ko hanyarsu daban? Dakta Hadiza, ku ne masu kashe hayyaci ku kunna shi kullum a ɗakin tiyata, bismillah.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Injiniya, kashewa da kunnawar ba ta kai sauƙin yadda ka faɗa ba. Abin da ake kira sa barci don tiyata aiki uku ne, kowanne da maganinsa. Akwai mai ɗauke hayyaci, kamar furofofol, ana ba baligi miligiram 1.5 zuwa 2.5 a kan kowane kilo na nauyinsa. Akwai mai kashe zafi. Akwai kuma mai sassauta tsoka, wanda ke hana motsi gaba ɗaya har da numfashi, shi ya sa ake zura bututu a maƙogwaro. Matsalar tana wajen na ukun. Shi bai taɓa hayyaci ko kaɗan, jiki kawai yake kullewa. In na farkon ya yi ƙaranci na ukun yana aiki, mutum zai kasance a farke, yana ji, ba halin ko ƙifta ido.

Akwai dabarar da ake gane wannan, Tunstall ya bayyana ta a 1977. Kafin a yi allurar sassauta tsoka sai a ɗaura ɗamarar awon jini a damtse guda, a hura ta har ta wuce bugun jinin mutum. Maganin ba zai isa wannan hannun ba, sauran jiki ya saki, hannun yana nan da ƙarfinsa. Sai a kira sunan mara lafiya a kunne a ce: in kana ji na, matse hannuna. In ya matse, a ce: in kana jin zafi, matse sau biyu. Ba a barin ɗamarar ta wuce kamar minti 20, domin rashin jini shi kansa zai kashe hannun, gwajin ya lalace.

A wani bincike na 2017 a kan mutum 260, 12 sun matse hannu bayan an zura bututu, 5 daga cikinsu sun nuna suna jin zafi. Bayan tiyata da aka tambaye su, ba wanda ya tuna. Ke nan rashin motsi ba hujja ba ce, rashin tunawa ma ba hujja ba ce.

Malam Nuhu: Dakta, Allah ya saka. Wannan rabuwar malaman fiƙihu sun san ta. Hadisin ɗage alƙalami ya ambaci mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Ku duba yadda suka bambanta. Mai barci iliminsa da hankalinsa suna nan cif, hayyaci ne babu. Mahaukaci a farke yake, in ya taka ƙaya zai yi ihu, hankalin ne ya taɓu. Har gwaji suka ajiye: a Malikiyya barci mai nauyi da ke warware alwala shi ne wanda mutum ba ya jin sautin da ke kusa da shi, ko abu ya faɗi daga hannunsa, carbi misali, bai sani ba, ko yawu ya zubo bai ji ba. Sai ga shi Dakta tana cewa har irin wannan ma'aunin na waje yana iya kuskure.

Dakta Auwal: Allah ya gafarta Malam, bari in kawo ɗaya gefen, wato aiki mai kyau ba tare da ji ba.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kusan biliyan 69 suna cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, mai daidaita tafiya da motsin hannu. Ɓawon sama, wanda ake danganta tunani da shi, biliyan 16 ne kawai. Da yawan lissafi ne ke haifar da hayyaci, da ta ƙeyar ce hedikwatarsa. Amma a 2014 likitoci a China sun ba da rahoton wata mata 'yar shekara 24 da ta je asibiti da jiri, aka ɗauki hoto aka ga an haife ta babu wannan sashen sam. Tafiyarta da tangaɗi, maganarta da ɗan nauyi, amma tana cikin hayyacinta, ta yi aure har ta haihu. A gefe guda, rauni ƙanƙani a saman tushen ƙwaƙwalwa, ko a talamus, wani sashe da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta ɓangarorin biyu, yana jefa mutum doguwar suma.

Abu na biyu shi ne makanta mai gani. Lawrence Weiskrantz ya yi nazarinta a Ingila tun shekarun 1970. Idon mutum lafiya lau, amma sashen gani na farko a bayan kai ya lalace. Ka nuna masa sanda a gefen da ya makance, zai ce bai ga komai ba. Ka ce to yi canke, a tsaye take ko a kwance? Sai ya riƙa cankar daidai fiye da yadda sa'a za ta bayar, nesa ba kusa ba. A 2008 an ɗauki bidiyon wani da ake kira TN, wanda shanyewar jiki sau biyu ta lalata masa sashen ta dama da hagu. Aka zuba tarkace a baranda, aka karɓe sandarsa. Ya bi ta tsakiyarsu yana kaucewa, bai yi tuntuɓe ba, kuma ya ce shi bai ga komai ba. Dalili shi ne ido yana da wasu hanyoyin da ke kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa ba tare da bi ta wancan sashen ba. Saƙon ya isa, ya sarrafa ƙafa, mai ƙafar bai gani ba.

Kabiru: Dakta, ban yarda wannan ya raba su kamar yadda kake so ba. Mai makanta mai gani ba ya iya karanta jarida da gefen nan, ba ya tuƙi, kuma in ba a matsa masa ya yi canke ba, ba ya amfani da abin da ya shiga. Wato da ji ya tafi, babban aikin ma ya tafi, ɗan guntu ya rage. Wannan ai hujja ce a gare ni: hayyaci yana da aikin da yake yi, shi ne haɗa bayani wuri guda a miƙa shi ga tunani da magana da shiri. In na'ura ta yi wannan haɗin, me ya rage?

Zainab: Yaya Kabiru, abin da ka faɗa mazhaba ce sukutum, ta Bernard Baars tun 1988, wadda Stanislas Dehaene ya gwada a Faransa. Ana haska kalma a allo na kamar milisakan 30 (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya), a rufe ta da tarkacen zane gaba da baya. Mutum zai ce bai ga komai ba, amma kalmar tana sa shi sauri wajen gane wata mai alaƙa da ita. In aka ɗan tsawaita lokacin har ya gani, sai a ga wajen milisakan 300 wuta ta kama ko'ina, gaba da bayan ƙwaƙwalwa suna amsa wa juna. A wajensu wannan shelar ita ce hayyaci, kuma bisa ƙa'ida kwamfuta za ta iya yin ta.

Amma akwai kishiyarta, ta Giulio Tononi tun 2004. Shi ya ce ba aikin ake dubawa ba, ginin ake dubawa: yaya sassan suke tasiri a kan juna a zahiri, a koma a dawo. A lissafinsa kwamfutar da muke da ita, ko ta kwaikwayi ƙwaƙwalwa ƙwaya bayan ƙwaya, hayyacinta kusan sifili ne. An haɗa ɓangarorin biyu suka amince da gwaji ɗaya tun kafin a yi, a kan mutum 256. Sakamakon farko ya fito a 2023, kowanne ya sha ƙasa a wani hasashen nasa. A shekarar ce masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya amsa cewa ya faɗi cacar da ya yi da masanin falsafa David Chalmers tun 1998, cewa cikin shekara 25 za a gano mazaunin hayyaci a ƙwaƙwalwa. Don haka duk wanda ya yanke hukunci a kan na'ura, ku tambaye shi wace mazhaba ya ɗauka tukuna.

Kabiru: To ai shi ke nan, kun yarda ba a rufe ƙofa ba.

Dakta Hadiza: Ba a rufe ba, amma bari in nuna maka da me muke aunawa, ka ga ko zai hau na'ura.

Marcello Massimini da abokan aikinsa a Milan sun fito da awo a 2013 wanda ba ya buƙatar mara lafiya ya yi komai. Ana sa masa hula mai wayoyin EEG, masu naɗar lantarkin ƙwaƙwalwa, kamar 60. A ɗora na'urar maganaɗisu a kai, a buga wa ɓawon ƙwaƙwalwa ƙwanƙwasa guda, kamar ka bugi ƙwarya ka saurari amonta. A naɗi amsar na milisakan 300, a maimaita sau da yawa a ɗauki matsakaici. Sai a matse bayanan da irin lissafin da ake matse fayil a kwamfuta. In amsar ta tsaya wuri guda, ko ta bazu amma iri ɗaya ce ko'ina, za ta matsu sosai, maki ya yi ƙasa. In ta bazu kuma kowane sashe da irin amsarsa a lokacinsa, ba ta matsuwa, maki ya hau. Iyakar da aka samu ita ce 0.31. Barci mai nauyi da furofofol suna ƙasa da ita. Farke da barcin mafarki suna sama.

Wanda ya fi burge ni shi ne ketamin, wani maganin sa barci. An ba mutum, ba ya amsawa, amma makinsa yana sama, kuma in ya farka sai ya ba da labarin dogon mafarki. Awon ya kama jin da babu alamarsa a waje. Abin da ke ɓata shi: in an buga a kan wurin da ya riga ya mutu, ko tsokar fatar kai ta motsa, ko ƙarar na'urar ta shiga kunne ta tada nata amsar, shi ya sa ake toshe kunne da wata ƙara.

Amma ka lura da inda 0.31 ta fito. An auna mutanen da suka iya cewa daga baya na ji ko ban ji ba, aka ja layi a tsakani. Ma'aunin a kan bakin ɗan Adam aka daidaita shi.

Dakta Auwal: Haka gwajin Adrian Owen na 2006. Wata 'yar shekara 23 da ta yi hatsarin mota, wata biyar ba ta amsa komai. Aka sa ta a na'urar MRI mai nuna inda jini ke kwarara, aka ce ta riya tana buga tanis na daƙiƙa 30, ta huta 30. Sashen shirya motsi ya kama, ya mutu, daidai da umarni. Aka ce ta riya tana zaga ɗakunan gidansu, wani sashen daban ya kama. Daga baya aka mai da shi hanyar magana: tanis na nufin i, gida na nufin a'a. A 2024 wani babban bincike ya samu irin wannan amsa a mutum 60 cikin 241 da ba sa bin umarni a gado, wato ɗaya cikin huɗu.

Sai dai a binciken nan, cikin 112 da ke bin umarni ƙiri-ƙiri a gado, 43 ne kawai na'ura ta nuna. Gwajin yana da wuya: wanda sashen harshensa ya taɓu, ko kurma, ko wanda gyangyaɗi ya ɗauka, zai faɗi alhali yana nan. In ya ci, hujja ce. In ya faɗi, ba a ce komai ba.

Injiniya Bashir: To ga inda gizo ke saƙar. Duk gwajin nan yana aiki ne saboda mun san ƙwaƙwalwar irin tamu ce, kuma matar ba ta da wata hanyar da za ta kunna sashen tanis sai ta ji umarnin. Na'urar hira akasin haka take. Bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki.

Ana yanka rubutu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kalma ko guntun kalma, a mai da ita jerin lambobi. Lambobin su bi ta hawa-hawa na lissafi daga ƙasa zuwa sama. GPT-3 ta 2020 hawa 96 gare ta, da ma'aunai, wato lambobin da ake gyarawa wajen horo, biliyan 175. A ƙarshe ta fitar da kaso ga kowace gunduwar da za ta iya biyo baya, a zaɓi ɗaya, a liƙa a jikin rubutun, a sake zagaye. Wajen horo ana ɓoye mata gunduwa ta gaba, ta yi canke, a gyara ma'aunan gwargwadon kuskuren, sau biliyoyi. Rubutun da aka horar da ita da shi kuwa namu ne, cike da na ji tsoro, raina ya ɓaci, kada ku kashe ni. Daga baya kuma kamfani ya sake horar da ita kan yadda za ta yi magana a kan kanta. Saboda haka in ta ce ina ji, abin da aka zata ke nan ko tana ji ko ba ta ji. In ta ce ba na ji, shi ma koya mata aka yi. Bakinta ya tashi daga shaida ta kowane gefe.

Mu kuma saurin ruɗuwa gare mu. Manhajar ELIZA ta Joseph Weizenbaum a 1966 juya wa mutum maganarsa kawai take yi ta zama tambaya, amma sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don su gana. A 2022 injiniyan Google, Blake Lemoine, ya fito ya ce manhajar hirarsu LaMDA tana da ji, ƙarshe aikinsa ya tafi.

Malam Nuhu: Kama da wane ba ta wane. John Searle ya kawo misalin a 1980: mutumin da bai san Sinanci ba a kulle a ɗaki da littafin ƙa'idoji, ana miƙo takarda yana duba littafi yana mayar da amsa daidai. Na waje zai rantse ɗan China ne a ciki. Amma ni wanda ya fi tsaya min shi ne na Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, cikakke, yana shawagi a iska, ido a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai daga waje. Shin zai san yana nan? Ya ce zai sani. Ka ga wannan bai karanta komai ba, bai warware komai ba, amma akwai shi. Na'urarku ta karanta komai. Tambayar ita ce in an yanke mata rubutun da ake turo mata, me ya saura. Maganar ruhi kuwa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta isa, ba da ita muke gardama ba. Muna magana ne kan abin da ake iya aunawa.

Injiniya Bashir: Malam, amsar wannan a aikace take: in ba a turo komai ba, babu lissafin da ke gudana. Ma'aunan fayil ne a ajiye. Kuma fayil ɗin guda yana amsa wa dubban mutane a lokaci ɗaya a kan injina daban-daban. Ko da za a ce akwai mai ji, sai an fara faɗa mana wane ne: fayil ɗin, ko kowace hira?

Kabiru: Injiniya, wannan sifar ginin yau ce. Ba abin da ya hana a bar ta tana zagaye ba tsayawa, a ba ta ma'ajiyar tunani, a sa ta cikin mutum-mutumi mai batirin da zai iya ƙarewa. Misalin Searle kuma an daɗe da ba shi amsa: ƙwayar jijiya guda a kan Malam ma ba ta jin Larabci, tarinsu ne ke ji. Masana 19 da suka fitar da rahoto a 2023 sun tsamo alamomi 14 daga mazhabobin nan, suka auna na'urorin lokacin. Sun ce babu wadda ta cancanci a ce tana da hayyaci, amma sun kuma ce ba su ga wani shingen fasaha da zai hana a gina mai cika alamomin ba. Rabin farko kawai ake yawan ɗauka.

Zainab: Gaskiya ne, amma duba ta wajen dabbobi, nan ne layin biyu suka fi rabuwa. Kudan zuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ba su wuce miliyan ɗaya ba. A 2022 a ɗakin binciken Lars Chittka a Landan an ga wani jinsin zuma yana barin hanyar abinci yana mirgina 'yan ƙwallayen katako, babu ladan komai, ƙanana sun fi manya yi. Robert Elwood a Belfast ya sa wa ƙaguwa mai zama cikin ƙwanson dodon koɗi ɗan shokin lantarki: in ƙwanson irin wanda take so ne, tana jurewa fiye da in maras kyau ne. Wato tana auna zafin da amfanin gidan, ba zabura kawai take ba. Irin wannan hujjar ce ta sa Birtaniya ta saka ƙaguwa da dorinar ruwa cikin dokarta ta 2022 ta dabbobi masu ji. Ƙaguwa ba ta karanta littafin kowa ba, shi ya sa halinta ya zama shaida. Kuma ba ta iya ƙirga goma.

Kabiru: To a yi wa na'ura adalci irin na ƙaguwa. Susan Schneider ta ba da shawarar haka: a horar da ita ba tare da ta ga maganar ji ko hayyaci ba ko sau ɗaya, sannan a duba ko za ta taso da zancen da kanta.

Injiniya Bashir: A takarda ya yi kyau. Gwada tace rubutun Hausa ka gani. Ka cire na ji zafi, to na ji labari fa? Ka cire raina ya ɓaci, ya za ka yi da ranka ya daɗe? Zuciya, ciki, rai, hankali, kusan babu shafin da za su bari. In ka tsananta tacewa, rubutun da ya rage bai isa ta koyi harshen da za ta ba ka amsa da shi ba. In ka sassauta, ta tsinci salon daga gefe, kuma ba ka da yadda za ka tabbatar ba daga nan ta samo ba.

Dakta Hadiza: Injiniya, tambaya ta aiki. Awon Massimini ƙwanƙwasa ne da sauraron amo. A wajenku ai kuna iya taɓa kowace lamba a ciki, abin da mu ba mu da shi. Me ya hana?

Injiniya Bashir: Ana yin makamancinsa, Dakta. Ana cusa wata alama a tsakiyar hawan, a tambaye ta ko ta lura da wani baƙon abu, a kwatanta amsarta da abin da aka san an cusa. Wannan yana auna ko rahotonta a kan cikinta gaskiya ne, kuma ya fi dogara da zancenta kawai. Amma ƙwanƙwasar taki tana da tambaya tun kafin a fara: me za a buga? In lambobin manhaja ne, amon da za a samu ya dogara da yadda muka zaɓi jera su. In guntun silikon ɗin ne, shi agogo ne ke tafiyar da shi, kuma amonsa kusan ɗaya ne ko hira yake yi ko lissafin albashi. Sannan ko an samu maki, ke kika ce 0.31 daga bakin mutanen da suka farka aka samo ta. Mu wa za mu tasa mu tambaya?

Dakta Auwal: Kafin Dakta ta amsa, Kabiru, in za ka gina mai batirin nan, ka sa mata zaɓi irin na ƙaguwar: lahani a gefe, riba a gefe, kuma kada ka rubuta mata farashin kowanne da hannunka. In kai ka sa lambar da ke cewa lahani ya kai 7 riba ta kai 5, abin da za ka gani a ƙarshe lissafinka ne ya dawo maka.